Rabaran, Durƙuso da Tsoron Allah: Wanne Muka Riƙe, Wanne Muka Yar?

Karatu: Zabura 111, Ayyukan Manzanni 10:24-26, Ibraniyawa 12:18-29



Ranar Laraba da ta wuce, a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa, wata ƙanwarmu 'yar sakandare ta yi tambayar da ta sa muka yi tsit. Ta ce, "Don Allah, mece ce ma'anar Rabaran? Suna ne, ko muƙami?" Wani ya ce babban fasto ke nan. Wani ya ce faston da aka naɗa, wanda yake iya ɗaura aure da ba da Jibin Ubangiji. Dukansu sun faɗi yadda muke amfani da kalmar, amma babu wanda ya faɗi ma'anarta. Mun girma muna furta ta kowace Lahadi, muna rubuta ta a katin biki da takardar jana'iza, ba mu taɓa tambayar inda ta fito ba.

Da muka bincika, sai muka tarar Rabaran aro ne daga "reverend" na Turanci, shi kuwa ɗan'uwan wata kalma ne, "reverence", wadda ake fassarawa da girmamawa mai zurfi. Kalma ɗaya ce, amma Turawa sun ɗora mata ma'anoni dabam dabam cikin ɗaruruwan shekaru. Da muka jera ma'anonin, sai muka ga hotonmu a ciki. A ganinmu, mun riƙe ma'anonin da ido ke gani da kyau, muna kuwa sakin wadda ita ce tushen sauran.

Inda kalmar ta fito

"Reverence" ta shiga Turanci wajen shekara 700 da suka wuce, ta hanyar Faransanci, daga Latin. A Latin akwai aikatau "vereri", wato jin tsoro ko shakkar wani abu mai girma. Masana harshe suna danganta wannan saiwa da kalmomin da ke nufin lura da yin hattara. Tun daga tushe, ke nan, kalmar tana magana a kan mutumin da ya tsaya gaban wanda ya fi shi, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, yana lura da abin da zai faɗa da inda zai sa ƙafarsa.

Masu juyin King James na shekarar 1611 sun yi amfani da wannan kalma ɗaya don fassara kalmomi da yawa na Ibrananci da Helenanci. Wanda yake karanta Turanci kaɗai zai ɗauka abu ɗaya ake nufi a ko'ina. A nan mu masu Hausa mun yi sa'a, domin muna da tsoro, da kunya, da ladabi, da bangirma, da durƙuso, da sujada, kowace da wurinta. Bari mu bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya.

Ma'ana ta fari: abin da ke cikin zuciya

Ma'anar asali ita ce halin zuciya, girmamawa da ta gauraya da tsoro da sha'awa. Ita ce ta sa Musa ya rufe fuskarsa a gaban kurmin da ke cin wuta (Fitowa 3:6). Ita ce ta sa Ishaya ya yi kuka a kan ƙazantar leɓunansa sa'ad da ya ga Ubangiji a kan kursiyi (Ishaya 6:5). Ita ce ta kama almajirai a cikin jirgi. Hadiri ya tsorata su, amma Markus 4:41 ya nuna cewa bayan Yesu ya tsawata wa iska, teku ta kwanta, a lokacin ne tsoro mafi girma ya kama su. Haɗarin ya wuce, tsoron kuwa ya ƙaru, domin sun fara gane wanda ke zaune tare da su.

Mutanenmu sukan ce tsoro na daji, kunya ta gida. Tsoron daji yakan sa mutum ya gudu. Kunyar gida takan sa ya zauna, ya gyara zamansa. Abin da Littafi Mai Tsarki yake kira tsoron Allah ya ɗauki nauyi daga na fari, ya ɗauki kusanci daga ta biyu. Ku duba Fitowa 20:20. A aya ɗaya Musa ya hana jama'a firgita, a ayar nan kuma ya gaya musu Allah ya zo ne domin tsoronsa ya zauna a gabansu, ya tsare su daga zunubi. Ba saɓani ba ne. Tsoro iri biyu ne: wanda ke kore mutum daga Allah, da wanda ke kore shi daga zunubi.

A misalin manoman gonar inabi (Matiyu 21:37), mai gonar ya aiki ɗansa da zaton manoman za su ga girmansa. Kalmar Helenanci da ke wurin tana ɗauke da ma'anar jin kunyar mutum, irin yadda yaro mai tarbiyya yake kasa yin wani abu idan babansa na kallo. Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san wannan kunya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne Ibraniyawa 5:7. Wurin yana cewa Yesu kansa, sa'ad da yake addu'a da kuka da hawaye, an saurare shi saboda wannan hali na tsoron Allah. Ɗa ne, ba wanda ya fi shi kusa da Uba, duk da haka kusancin bai sa ya yi wa Uban sakaci ba. Idan haka Ɗan Allah ya yi, ina dalilinmu na cewa alheri ya kawar da bukatar tsoron Allah?

Ma'ana ta biyu: abin da gwiwa ke yi

Daga zuciya sai kalmar ta sauko jiki. A tsohon Turanci, "reverence" tana nufin sunkuyawa ko rusunawa gaban babba. Da wannan ma'ana juyin King James ya yi amfani da ita wajen Mefiboshet sa'ad da ya faɗi gaban Dawuda (2 Sama'ila 9:6), da Batsheba gaban sarki (1 Sarakuna 1:31), da barorin da ke rusuna wa Haman a ƙofar fada (Esta 3:2).

Wannan mun iya shi. Muna durƙusawa mu gaida iyayenmu, muna karɓar abu da hannu biyu, ba ma kiran babba da sunansa tsirara. Abu ne mai kyau, kada wani ya raina shi da sunan wayewa. Ibrahim ya rusuna wa Hittiyawa sa'ad da yake neman wurin binne Saratu (Farawa 23:7). Littafin Firistoci 19:32 ya haɗa tashi tsaye don mai furfura da tsoron Allah a aya ɗaya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sai dai gwiwa tana iya yin ƙarya. Absalom ya sunkuya har ƙasa gaban mahaifinsa a ƙarshen 2 Sama'ila 14, a sura ta gaba kuwa ya fara sace zukatan mutane don ya ƙwace sarauta. Sojojin da suka sa wa Yesu kambin ƙaya sun durƙusa a gabansa (Matiyu 27:29). Idan da durƙuso kaɗai ake aunawa, da sun fi kowa ladabi a ranar nan. Ta wani gefen kuma, Mordekai ya ƙi rusuna wa Haman, aka ɗauke shi mai taurin kai, alhali ta wurinsa da Esta ne Allah ya ceci jama'arsa. Akwai mai durƙuso da raini a ciki, akwai mai tsayuwa da tsoron Allah a ciki. Ishaya 29:13 ya riga ya yi kashedi a kan mutanen da bakinsu ke kusa da Allah, zuciyarsu na nesa, tsoron da suke nunawa kuma haddar dokokin mutane ce kawai.

Ma'ana ta uku: laƙabi

Daga gwiwa sai kalmar ta koma suna. A Latin "reverendus" na nufin wanda ya cancanci a girmama shi da tsoro. Tun ƙarni na 15 Turawan Ingila suka fara kiran malaman ikkilisiya da ita, a ƙarni na 17 kuma ta zama laƙabin da ake rubutawa gaban suna. Daga baya aka yi mata hawa hawa. A ɗarikar Anglikan, alal misali, akwai ƙarin da ake yi wa bishop, akwai wanda ake yi wa babban bishop. Masu mishan suka kawo ta ƙasarmu, bakinmu ya gyara ta ta zama Rabaran.

Ga abin da ya girgiza mu. A dukan juyin King James, sau ɗaya tak kalmar "reverend" ta fito, a Zabura 111:9, kuma a kan sunan Allah take magana. Kalmar Ibrananci da ke wurin daga saiwar tsoro take, tana nufin abin da kwarjininsa ke sa a yi rawar jiki. Ayar da ke biye da ita ce ta koya mana cewa hikima daga tsoron Ubangiji take farawa. Saboda wannan ne Charles Spurgeon, sanannen mai wa'azin Baptis na birnin Landan wanda ya rasu a 1892, ya ƙi a riƙa kiransa da laƙabin, ya fi so a ce masa fasto.

Akwai ma wata ma'ana ta huɗu, mai ban dariya da ban tausayi. A da, idan Bature zai faɗi maganar da ba ta dace ba gaban babba, yakan fara da neman gafara, ya ce "saving your reverence", kamar yadda mukan ce "a gafarce ni". Da aka yi ta maimaitawa, sai maganar ta gajarce, har ta zama sunan sakaye na bayan gida. Kalmar da ta fara daga rawar jiki gaban Allah ta ƙare a can. Haka kalma mai tsarki take lalacewa idan baki ya ci gaba da furta ta bayan zuciya ta bar wurin.

Inda muka juya abin

Yanzu mu dubi kanmu. Baba Rabaran ya shigo ɗakin taro, nan take kowa ya miƙe, waya ta koma aljihu, mai tauna cingam ya haɗiye. Madalla. Amma bayan minti goma, ana addu'ar buɗe taro, ana magana da Mahaliccin sama da ƙasa, sai ka ga wayoyi sun fito a ƙarƙashin benci, ana duba WhatsApp. Ana raba Jibin Ubangiji, a layin baya ana gardamar ƙwallon daren jiya. Ba za mu taɓa kiran Baba Rabaran da sunansa tsirara ba, amma sunan Yesu ya zama abin da muke furtawa idan mun yi tuntuɓe ko mun ji farashin shinkafa. Wanda muke gani muna jin kunyarsa, wanda ba ma gani mun saba da shi har mun daina lura.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen ya fi haɗari. Idan tsoron da ya kamaci Allah ya koma kan mutum, sai mutumin ya zama wanda ba a yi masa tambaya. Duk mun taɓa jin labarin wurin da kuɗin baiko ya ɓace, kowa ya sani, ba mai iya buɗe baki. Mun taɓa jin labarin yarinyar da wani shugaba ya ci zarafinta, ta gaya wa na gida, aka ce ta yi shiru, bawan Allah ne. Mun ga masu barin maganin da likita ya ba su domin wani mai babban laƙabi ya ce shan magani rashin bangaskiya ne. A irin wuraren nan akan jawo Zabura 105:15, inda aka hana taɓa shafaffu na Allah. Ku karanta zaburar daga farko. A kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu take magana, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi a ƙasar wasu, Allah yana tsare su daga sarakuna. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko. Ba a rubuta ta don a rufe bakin wanda aka zalunta ba.

Muna da karin magana cewa bin na gaba bin Allah ne. Akwai gaskiya a ciki, gama Allah ne ya kafa iyaye da shugabanni. Amma maganar tana da iyaka, manzanni kuma sun nuna iyakar sa'ad da suka gaya wa majalisa cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Bayin Allah na gaskiya su ne suka fi gudun a ba su abin da yake na Allah. Karniliyas, hafsan soja, ya faɗi a ƙafafun Bitrus, Bitrus ya tashe shi, ya tuna masa cewa shi ma mutum ne. A Listira, da jama'a suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, manzannin suka yayyage tufafinsu (Ayyukan Manzanni 14). Har mala'ika ya hana Yahaya yi masa sujada, sau biyu (Wahayi 19:10 da 22:8-9). Mutanen Biriya kuwa an yaba musu ne domin suna auna wa'azin Bulus da Nassi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Idan aka auna Bulus bai ji haushi ba, wane ne ya fi ƙarfin a auna shi?

To, mu daina cewa Rabaran?

Wasu daga cikinmu sun ce haka ranar Laraba, suka kawo Matiyu 23:8-12, inda Yesu ya gargaɗi almajiransa a kan son laƙabi. Mun ɗauki maganarsu da nauyi, amma ba mu yarda cewa share kalmar ne magani ba. A bakin mutanenmu yau, Rabaran na nufin wanda ikkilisiya ta gwada, ta ɗora masa hannu, ta danƙa masa aiki. Abin da Yesu ya tsauta a kai shi ne zuciyar da ke ƙishin a ɗaukaka ta, irin wannan zuciya kuwa tana iya ɓuya a bayan "Fasto" ko "Ɗan'uwa" kamar yadda take ɓuya a bayan "Rabaran". Bulus da kansa ya kira kansa uba ga Korantiyawa (1 Korantiyawa 4:15).

Kuma kada mu manta da waɗanda suke ɗauke da laƙabin nan da gaskiya. Akwai Rabaran a ƙauyukan da mota ba ta kaiwa da damina, albashinsa ba ya isa, yana noma da hannunsa don ya ciyar da iyali. Akwai waɗanda suka zauna da garkensu lokacin da tashin hankali ya kori kowa, suka binne 'yan ikkilisiyarsu da hannunsu, suka tashi ranar Lahadi suka yi wa'azin gafara. Nassi ya umarce mu mu ga girman irin waɗannan ƙwarai, cikin ƙauna, saboda aikinsu (1 Tasalonikawa 5:12-13), ya kuma ce dattawan da ke riƙon ikkilisiya da kyau sun cancanci girma ninki biyu (1 Timoti 5:17). Matashin da ke zagin fastoci a Facebook da sunan faɗin gaskiya bai fi mai yi musu sujada tsoron Allah ba. Dukansu biyu mutum suka sa a gaba.

Surar nan ta 1 Timoti 5 ta ba mu ma'auni. Aya ta 19 ta hana karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, don kada tsegumi ya hallaka bawan Allah. Aya ta 20 kuma ta ce wanda ya nace da zunubi a tsauta masa a gaban kowa. Kariya da horo suna tafiya tare. Dawuda ya ƙi kashe Saul a kogo, ya kira shi ubangijinsa, ya rusuna masa, sa'an nan ya gaya masa laifinsa a fuskarsa (1 Sama'ila 24). Ana iya durƙusawa a faɗi gaskiya.

Abin da muke roƙon junanmu

Mu mai da kowane abu wurinsa. Sujada da tsoron nan mai girgiza zuciya na Allah ne shi kaɗai. Girmamawa da biyayya cikin Ubangiji na iyaye ne da shugabanni. Mutunci kuwa na kowane ɗan adam ne, domin Yakubu 3:9 ya tuna mana cewa ba daidai ba ne harshen da ke yabon Allah ya la'anci wanda aka yi cikin kamanninsa. Idan muna miƙewa don mai laƙabi, muna wuce tsohuwar da ke share majami'a ba gaisuwa, ladabinmu na neman suna ne.

A wannan mako mu gwada abu uku. Kafin a fara sujada, mu kashe waya, mu yi shiru na minti biyu, mu tuna gaban wanda muka zo. Mu lura da sau nawa sunan Yesu ke fita daga bakinmu ba da nufin kiransa ba. Mu kuma yi wa fastonmu addu'a da sunansa, domin laƙabin da muka ɗora masa kaya ne mai nauyi, zai kuma ba da lissafi a kan rayukanmu (Ibraniyawa 13:17). Idan kuwa akwai wanda wani shugaba ya cuce shi, aka ce ya yi shiru, muna gaya masa cewa kai maganar gaban dattawa amintattu, ko gaban hukuma idan laifin ya kai haka, ba rashin tsoron Allah ba ne.

Wasiƙar Ibraniyawa da ta gayyace mu mu matso kursiyin alheri gabagaɗi (4:16), ita ce kuma ta ce mu yi wa Allah sujada da ladabi da tsoro domin shi wuta ne mai cinyewa (12:28-29). Jinin Yesu ne ya buɗe mana ƙofar, shi ya sa ba ma gudu. Farashin da aka biya kafin ta buɗu kuwa shi ya sa ba ma shiga da wasa.

Ga ƙanwarmu da ta yi tambaya: Rabaran na nufin wanda ya cancanci a girmama shi da tsoro. Ki ci gaba da durƙusa wa Baba Rabaran idan za ki gaishe shi. Duk lokacin da kika furta kalmar kuma, ki tuna da wanda Zabura 111 ta ba shi ita.

Addu'a

Ya Uba Mai Tsarki, ka gafarta mana inda muka ji kunyar mutane fiye da kai, da inda muka furta sunanka da sakaci. Ka dasa tsoronka a zuciyarmu, irin wanda zai jawo mu kusa da kai, ya raba mu da zunubi. Ka albarkaci fastocinmu da dattawanmu, ka tsare su daga girman kai, ka ba mu zuciyar girmama su cikin gaskiya. Ka ta'azantar da waɗanda aka cuta da sunanka, ka ba su masu saurarensu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.